In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

Duk wanda ya taɓa tsayawa ranar kasuwa a tashar mota ta Anka, ko ta Gummi, ko ta Nasarawar Burkullu a ƙasar Bukkuyum, ya san akwai motocin da kunne ke riga ido saninsu. Tun mota tana nesa za a ji wani gurnani yana tasowa, dim, dim, dim, sai ka ce hadari ya haɗo daga gabas. In ta tsaya, gilashi na rawa, ƙofofi na kaɗawa, direba na zaune ciki yana gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa naɗi yau da safe. Ɗan kamasho na kiran fasinja, ba mai jinsa. Yarinya mai tallan ƙosai sai da yatsu ta ke faɗin kuɗi. In baƙo ya tambayi abin da ya sami motar, sai a ce masa lafiyarta lau, kayan kiɗa aka ɗaura mata. Watau an ciro rediyon da maƙeranta suka sa mata tun daga ƙasarsu an yar, an sa wani, an haɗa masa akwatin ƙara ƙarfi wanda a ke kira amfilifaya, sa'an nan an cusa wata ƙatuwar sifika cikin but, wadda samari ke kira wufa.

Sau da yawa a kan sami dattijo cikin fasinja ya ce, "Ɗana, rage muna wagga ganga, kaina na sara." Direba ya ce, "Haba Baba, ka san ko nawa na kashe mata?" Wannan amsa ita ce tushen maganar duka. Bai ce kiɗan ya ƙara daɗi ba, bai ce waƙar ta fi fita sarai ba. Cewa ya yi ya kashe kuɗi, saboda haka tilas kowa ya ji. To, wannan al'ada hasara ce huɗu a ƙulle cikin tsumma guda: hasarar kuɗi, da hasarar mota, da hasarar kunne, ta huɗu kuwa, Allah ya kiyaye, hasarar rai.

Rediyo cikin mota ba baƙon abu ba ne. Tun 1930 wani kamfani a birnin Cikago na Amurka ya fara sayar da shi da sunan Motorola. A 1963 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset, wanda daga baya direbobin ƙasar Hausa suka karɓa hannu biyu, har ya zama da wuya a shiga motar haya ba a ji Shata ko Ɗanƙwairo ba. A wancan zamani abin da a ke nema ga rediyon mota bai wuce biyu ba: ya kama tasha, ya juya kaset bai cinye zare ba.

Abin da ya sauya kunnen mutane wani abu ne dabam. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, ɗan rikoda na aljihu wanda mutum ke saurare shi kaɗai, da abin ji manne a kunnensa. Daga baya wayar hannu ta gaji aikinsa. Yau samari da yawa a Gummi da Anka da Bukkuyum sun tashi ne da iyafis a kunne, watau 'yan ƙananan abubuwan nan da a ke cusawa cikin kunne don jin kiɗa. Akwai ma waɗanda abin ya zame musu abin gardama a teburin mai shayi. Wannan ya ce nasa ya fi fid da ganga, wancan ya ce nasa ya fi rarrabe muryar mawaƙi da ta 'yan amshi. Wannan ba laifi ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Inda gizo ke saƙa shi ne ran da irin wannan saurayi ya sami mota, ko ya zama abokin shawarar mai mota. Da ya kunna rediyon da ya zo da ita sai ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai gwangwani ne, a ciro shi.

Gaskiya ɗaya ce, kunnensa bai yi masa ƙarya ba. Abin da ya ke ji a iyafis ya fi abin da ya ke ji a mota fita. Kuskurensa wajen gane dalili ne. Iyafis yana zaune ne a bakin ramin kunne, iskar da zai motsa ba ta kai cikin cokali ba, saboda haka ɗan ƙarfi kaɗan ya ishe shi. Kowane kunne yana samun rabonsa shi kaɗai, na dama dabam, na hagu dabam, ga shi kuma an toshe ƙofa, hayaniyar waje ba ta shiga sosai. Mota fa? Sifikunta suna ƙasan ƙofa, daidai ƙwaurin mutum, ba daidai kunnensa ba. Direba yana kusa da ɗaya, yana nesa da ɗaya. Gilashi yana mai da sauti baya, kujeru da rigunan fasinja suna shanye shi. Inji na ruri, taya na gurzar kwalta, iska na shigowa ta taga, ga ramuka. Wanda ya ke son kiɗa ya fita cikin wannan hali kamar yadda ya ke fita a iyafis, daidai ya ke da wanda ya shimfiɗa tabarma tsakiyar kasuwa yana neman shirun ɗakin amarya. Amfilifaya ba ta kashe rurin inji, ba ta matsar da sifika daga ƙwauri zuwa kunne. Abin da ta iya kaɗai shi ne ta ɗaga murya bisa hayaniya, hayaniya biyu ke nan.

Su kansu Turawan da suka so gyara wannan al'amari ba ta hanyar ƙarfi suka bi ba. Cikin motocin 1983 ne kamfanin Bose na Amurka ya haɗa kai da maƙeran Cadillac, aka auna cikin motar tukuna, aka san inda sauti ke taruwa da inda ya ke ɓacewa, kana aka shirya kayan kiɗan daidai da wannan mota. Aiki ne na awo da lissafi, kamar yadda tela ke gwada mutum kafin ya yanka yadi. Ba a yin sa da akwatin katako da yaron shago ya buga da ƙusa, ya dace da but ko bai dace ba.

A zo ga maganar kuɗi. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya ci, ya iya karatu da lissafi, nan ne iliminsa zai yi masa rana. A jikin kwalin amfilifaya a kan rubuta da manyan lambobi cewa tana ba da wat 1,000, wani ma 3,000. Wat shi ne ma'aunin ƙarfin lantarki, ana kuwa samunsa ne in an ninka bolt da amfiya. Bolt kamar ƙarfin turin ruwa ne, amfiya kamar yawan ruwan da ke gudu. Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. In an raba 1,000 gida 12 za a sami 83 da ɗan kai. Watau amfilifayar da ta ke ba da wat 1,000 na gaskiya tana jan amfiya fiye da 80 in an ƙure ta. Altaneta kuwa, abin da ke cajin batir in inji na tafiya, a ƙananan motoci da yawa iyakarta tsakanin amfiya 70 ne da 100, cikin wannan kuma za ta ciyar da fitilu da fanka da wutar inji. Saboda haka ɗayan biyu ne: ko kwalin ya yi ƙarya, an yi cinikin biri a sama, ko kuwa ya faɗi gaskiya, mota ce za ta biya.

Akwai hanya mai sauƙi ta kama maƙaryaci. A duba fiyus ɗin da ke jikin amfilifayar, ɗan abin nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa. In an rubuta 20 a jikinsa, a ninka da 12, a sami 240. To, ƙarfin da ke shiga akwatin bai wuce wajen nan da yawa ba, wanda ke fita kuwa bai ma kai haka ba, gama wani sashe yana tafiya a zafi. Kwali na iya ƙarya, fiyus ba ya yi. Har wa yau, masana sun tabbatar da cewa ninka ƙarfi sau biyu ɗan ƙari kaɗan ya ke kawowa ga kunne. Kafin mutum ya ji sauti ya ninka, sai an ninka ƙarfin wajen sau 10. Kwalliya ke nan da ba ta biyan kuɗin sabulu.

Ita mota kuwa alamun wahalarta a fili su ke. Da dare a kan ga fitilunta suna lumshewa duk sa'ad da ganga ta buga. Batir ya kan mutu kafin kwanansa, sai a ga mai mota da asuba yana roƙon yara su tura. In mai wayarin ɗin da ya yi aikin mai ha'inci ne, ya ja siririyar waya daga batir zuwa but ba tare da fiyus ba, ran da ta goge ta taɓa ƙarfe wuta ce, ga kuwa galan ɗin fetur a gefe. Abin takaici ma shi ne wurin da wufa ta zauna. Sau da yawa wurin tayar ko-ta-kwana ne. A kan ga motar da tayoyinta huɗu sun suɗe kamar tafin hannu, birki sai an taka sau uku, amma kayan kiɗanta sababbi ful. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Sa'an nan a tambaya, me a ke saurare da waɗannan kaya? Ƙasar nan ƙasar makaɗa ce. Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru, da Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa, duk da kotso suka yi suna. Daɗin waƙarsu a magana ya ke: kirari, da habaici, da zambo, da azancin da sai an kasa kunne a ke tsinta. Kotso da kalangu su kansu magana su ke yi, gama suna bin hawa da saukar harshen Hausa. Wufa kuwa aikinta ɗaya ne, fid da gurnani mai kauri na can ƙasa, wanda babu shi sosai cikin waɗannan tsofaffin faya-fayai. In an matsa mata, sai ta rufe muryar mawaƙi kamar an kifa masa ƙwarya. Waƙoƙin zamani na Hausa ma, duk da kiɗan fiyano, baitinsu a ke bi. Balle karatu da wa'azi da labarai, waɗanda ba su bukatar kome sai murya mai fita. Wani abu kuma, waƙoƙin da masu turawa ke zuba wa mutane a memori sau da yawa an matse su ne don su yi ƙanƙanta. Amfilifaya ba ta mai da abin da aka zubar. Aibin da ke ciki shi ta ke ƙara wa girma.

Hasara ta uku ta fi waɗannan, domin kuɗi a kan mai da, mota a kan sake, kunne ba a sayar da shi a kasuwa. Ana auna ƙarfin ƙara da wani ma'auni da a ke kira desibel, kamar yadda a ke auna hatsi da mudu. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. Masana lafiyar ma'aikata sun ce a kan 85 kada mutum ya wuce awa 8 a yini. Duk ƙarin 3 kuma sai a raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, har a kai 100, inda rabon mutum minti 15 ne tak. Motar da aka ɗaura wa amfilifaya aka ƙure tana wuce 100 ba wuya. Mai karatu ya auna wannan da tafiyar Gummi zuwa Gusau, zuwa da komowa, yau da gobe.

Can cikin kunne akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi masu gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su kaɗan kaɗan, wanda ya mutu kuwa ba ya tsirowa. Ba ciwo, ba jini. Alamar fari ita ce mutum ya kashe mota ya ji kunnensa na kuwwa. Daga nan sai ya riƙa cewa mutane ba su buɗe baki in suna magana. Daga nan sai ya ƙara murɗa rediyo, gama abin da ya ishe shi bara bai ishe shi bana ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa wajen miliyan 1,100 suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro. Tun kafin nan kuma an keɓe ran 3 ga Maris na kowace shekara don tunatarwa a kan lafiyar kunne. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su bukatar a koya musu cewa akwai cutar da ke shiga ba sallama. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, alhali ƙurar da ta kawo ta ba wanda ya ga aibinta da ido. Ƙara ba ta kisa irin wannan, amma hanyar shigarta ɗaya ce: a hankali, ba a sani ba, sai aiki ya gama.

A nan ne kuma bambancin mai iyafis da mai wufa ya ke. Mai iyafis, in ya ƙure, kansa ya cuta. Mai wufa kuwa ya haɗa da jaririn da ke cinyar uwarsa, da majinyacin da a ke kai wa asibiti, da tsohuwar da kunya ta hana ta magana, da mutanen unguwar da ya ratsa da tsakar dare. Fasinja kuɗin tafiya ya biya, bai sayi kurumta ba. Tun 2009 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokokin hana yawan ƙara, a ƙarƙashin hukumar kula da muhalli da a ke kira NESREA. Amma tun kafin doka akwai haƙƙin maƙwabci, wanda kowane yaro ya ji a makarantar allo.

Saura hasara ta huɗu. Kunne shi ne ido na biyu na direba. Direbobin dā da kunne su ke gane ciwon mota tun bai yi nisa ba: kukan bel, gurnanin boris, faɗa-faɗar tayar da ke shirin fashewa, ƙarar birkin da ya cinye. Da kunne a ke jin ham ɗin babbar mota a kan kwana, da bugun yaron mota a jikin bodi in kaya sun zame. A shekarun nan kuwa an sami abin da ya fi wannan. Kowa ya san halin da hanyar da ta taso daga Mayanci ta bi ta Anka da Ɗaki Takwas zuwa Gummi ta shiga saboda 'yan bindiga. A irin wannan hanya, abin da kan raba mutum da daji wani lokaci bai wuce ɗan sauti ba: ƙarar harbi daga nesa, ko rurin babura da yawa, ko ihun manomi a bakin hanya, ko muryar direban da ya juyo yana cewa a koma. Wanda ya rufe gilashi ya saki wufa ya sayar da wannan duka, ya haɗa da na fasinjansa. Haka kuma ɗan kabu-kabun da ya toshe kunnuwansa biyu da iyafis ya hau titi, shi nasa ma ya fi muni.

Akwai kuma abin tunawa. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda tsaro, aka yi makonni ba kira, ba intanet. A wannan lokaci rediyo ne ya zama kunnen jama'a. Rediyon da ke zuwa da mota yawanci yana da matsakaicin zango, wanda ke cin nisa, balle da dare. Da yawa cikin 'yan arahan da a ke musanya shi da su kuwa FM kaɗai gare su, wanda ba ya nisa. An ba da mai kawo labari, an karɓo mai fitilu ja da kore.

Kada a ce nufin wannan magana kowane rediyon da ya zo da mota mai kyau ne, ko kuwa taɓa shi haramun ne. Ko kusa. Maƙera da yawa sifiku masu araha su ke sawa. Motar da ta yi shekara 20 a Turai kafin ta iso, sa'an nan ta sha zafin bazara da ƙurar hunturu, lalle bakin sifikunta ya ruɓe, shi ya sa su ke ɓarɓarniya. Rediyon motar da aka ƙera don Amurka kuma tsallen lambobinsa dabam ne da na nan, ya kan ƙetare waɗansu tashoshi. Waɗannan duka dalilai ne na gyara. Amma gyara dabam, ɓarna dabam. A sake sifikun ƙofa da masu kyau daidai girman na dā. A ɗaure abin da ke kaɗawa cikin ƙofa. In tilas a sake rediyo, a nemi mai matsakaicin zango. A sa fiyus kusa da batir. A nemi waƙar da aka ɗauka da kyau. Wanda ya yi wannan zai ji kowace kalma ta fita, da kuɗin da bai kai na wufa ba, canjin kuma ya sayi taya. Ma'aunin ƙarar da ta dace ba ya bukatar na'ura: in direba ba ya jin maganar wanda ke kujerar baya sai an yi ihu, ya wuce iyaka.

Saboda haka shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Anka da Gummi da Bukkuyum, yadda su ke duba layin lodi, ya kamata su duba but, motar da ba ta da tayar ko-ta-kwana kada ta ɗauki rai. Masu wayarin su ji tsoron Allah, su gaya wa mai mota gaskiyar abin da batirinsa zai ɗauka. Fasinja su daina jin nauyin cewa a rage, haƙƙinsu ne. Samari ma'abuta iyafis kuwa, kunnen nan nasu da ya iya rarrabe sauti baiwa ce, sai su tattala ta. In suna son kiɗa tsantsa, ga inuwar dalbejiya, ga iyafis, a murɗa shi daidai wa daida. Mota dokin tafiya ce, ba dandali ba ce.

Magabata sun ce in ganga ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. Sun kuma ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, kunnen da aka kashe da hannu, ina zai ji, balle jiki ya tsira? Allah ya sa a gane, ya kai matafiya gida lafiya, amin.